Tsohon Otal, Gidan Tuwo Ko Tukubar Mai Nama: Ina Za Ka Kai Baƙonka a Kaduna?

Ran da kawuna ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, tun ba mu fita daga cunkoson masu Keke Napep ba ya ce da ni, "Ɗana, ka ce wa matarka ta huta da girki. Kwana uku zan yi, kai ni inda muke ci a da." Ya yi aikin masaƙa a Kakuri shekara da shekaru kafin ya koma gida Funtuwa, kuma rabonsa da Kaduna an jima. Na ce ina ke nan? Ya ce Durbar. Na ce, "Kawu, ai Durbar sai dai fili." Otal ɗin da aka gina saboda hawan dabar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na 1977, ya daɗe ba ya aiki, a farkon 2020 kuma gwamnatin jiha ta rushe shi. Ya yi shiru har muka hau titi sosai, sannan ya ce, "To me ya rage?"

Wannan tambayar muka yi kwana uku muna amsawa da baki da ciki. Abin da na tsinta a yawon shi ne zan shimfiɗa wa duk wanda baƙo ya sauka a hannunsa, ko shi da kansa ya shigo garin yana son ya ci abin da za a ce lalle ya ci Kaduna.

Sai an fara yarda da abu ɗaya: tsufa a Kaduna daban yake da tsufa a Kano ko Zariya. Garin nan yaro ne. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, aka cika shi da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawu-akawu, daga baya masaƙu suka zo, Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, kamfanin harhaɗa Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. Mutanen da suka gina garin akasarinsu baƙi ne da suka bar iyali a gida, abincinsu na saye ne safe da rana da dare. Don haka wurin da ya shekara arba'in yana ɗora tukunya a Kaduna dattijo ne. Kuma dattawan nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na manyan gwamnati, akwai na baƙin ƙetare, akwai na leburori da direbobi, akwai na dare.

Na manyan shi ne mafi sauƙin samu, don kowa ya san Hamdala a titin Waff, wanda yanzu ake kira Muhammadu Buhari Way, ko da yake har gobe mai Keke "Waff Road" zai ce maka. Sunan titin ma daga rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma ya samo asali. Tun zamanin Sardauna otal ɗin yake, kuma ministoci da sarakuna da hafsoshi sun sha zama a cikinsa. Da muka tsaya a harabar, Kawu ya daɗe yana kallon ginin, sannan ya yi dariya ya ce bai taɓa cin ko loma ɗaya a ciki ba. A kan keke yake wucewa. Durbar ɗin da ya fara ambata ma sau ɗaya ya shiga, wajen liyafar bikin wani ogansu. Wato wurin da mutum yake kewa da baki daban, wurin da harshensa ya sani daban.

Abin da kake saye a tsohon otal shi ne wuri: fili, inuwar bishiyoyi, wajen ajiye mota, kujerar da za ku yi awa biyu kuna magana ba wanda zai tsaya a kanku yana jiran ku tashi. Abincin kuwa na otal ne ko'ina a Najeriya, dafa-duka, soyayyar shinkafa, kaza, farfesu, tuwo a faranti da cokali a gefe. Kukun otal ma'aikaci ne, yau yana nan gobe an canja shi, saboda haka gini na iya shekara sittin amma miyar ba ta da tarihi ko na shekara biyar. In surukinka ne ya zo, ko za a yi maganar da ba a son kunnen jama'a, ko dattijon da ke tare da kai gwiwarsa ba ta son benci, nan ne wurinku. In ɗanɗano ka fito nema, ka sha lemo ka ga gini, ka ajiye yunwarka.

Na baƙin ƙetare kuwa suna tsakanin Ahmadu Bello Way da unguwannin Turawa na da. Duk wanda ya yi samartaka a Kaduna yana da ɗan abin hannu zai ambata maka Arewa Chinese a Ahmadu Bello Way, da Byblos na Kwarori a titin Rabah, da French Café a titin Ali Akilu. Garin da ke da masaƙar UNTL ta 'yan Sin na Hong Kong, da Faransawan Peugeot, da Kwarori masu kantuna tun kafin 'yancin kai, ba abin mamaki ba ne a samu irin waɗannan teburan a cikinsa. A nan 'yan Kaduna da yawa suka fara ganin shawarma tun kafin ta zama abin kowane lungu, da burodin Larabawa da ake dangwala a markaɗaɗɗen wake mai man zaitun, da miyar masara da kaza mai kauri irin ta 'yan Sin.

Bambancinsu da otal shi ne yawanci na iyali ne, mai wurin na kusa da kicin, don haka hannu ya fi daɗewa bai canja ba. Sun dace da amarya da ango, da yaran da suka gama jarrabawa ake son a faranta musu, da abokin aiki daga Legas ko Abuja. Sai dai aljihu zai ji a jikinsa: abin da mutum ɗaya zai ci a nan, a gidan tuwo ya ciyar da kai da abokanka har a yi guzuri. Wasunsu kuma ana sayar da giya, wanda yake kiyaye wannan ya leƙa tukuna kafin ya shigo da iyali. Kawu dai da na kwatanta masa abincin, cewa ya yi, "Wannan ai ganye ne da tsami. Mu je inda ake tuƙi."

To, a nan maganar take. In aka ce mini abinci ɗaya tak baƙo zai ci a Kaduna, gidan tuwo zan kai shi da azahar, ba na ko tantama.

Matsalar ita ce waɗannan gidajen ba su cika samun allo ba. Da sunan mai su ake kiransu, gidan Hajiya wance, wajen Maman wane, kuma suna warwatse a Tudun Wada, da kewayen Kasuwar Barci, da Unguwar Sarki kusa da masallacin Sultan Bello, da Unguwar Shanu, da Kawo, da bayan babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi. Ga shi kuma rusau da faɗaɗa titunan da aka yi daga 2019 zuwa gaba sun tarwatsa da yawa daga mazauninsu. Kasuwar Barci kanta an rushe ta a 2020 don a sake ginawa. Wanda ya san wuri shekara goma da suka wuce, yau zai iya zuwa ya tarar da kwalta ko jerin shaguna.

Ni ma na faɗa wannan ramin, ta wata fuskar. Na ɗauki Kawu da ƙarfin gwiwata zuwa wani gida da na sani tun ina makaranta. Sunan na nan, har an yi masa sabon allo mai fitila. An sa tayil, an rataya talabijin, an kawo kujerun roba. Aka kawo tuwon shinkafa a naɗe cikin leda da miyar kuka. Tun daga ƙamshi na sha jinin jikina. Miyar ta yi tsululu, ba daddawa sai dunƙulen magi, abin da aka zuba a sama da sunan man shanu kuwa ƙamshin bota yake yi. Kawu ya yi loma uku, ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya kira yaron da ke raba abinci. "Samari, ina Hajiya?" Yaron ya ce ai ta rasu bara waccan, magada sun sayar da wurin. Kawu ya yi mata addu'a, muka biya muka fito, ni kunya ta ishe ni.

Wani bakanike da ke gyaran babur a bakin ƙofar ne ya cece ni. Ya ji muna maganar, ya ɗago daga ƙarƙashin injin ya ce, "Alhaji, in tuwon Hajiya kuke nema, 'yarta na can layin baya. Ku bi hayaƙi."

Washegari ƙarfe ɗaya muna can. Rumfar kwano ce da benci huɗu, tukwane uku manya a kan murhun itace, gindinsu ya yi baƙi ƙirin. Matar ta kai shekara hamsin, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta riƙe muciya da hannu biyu tana juya tuwon masara, kowane juyi sai kafaɗarta ta motsa. Wata yarinya na gefe da mara a cikin ruwa, tana kwasa tana malmalawa a kwanon samira. Ba a tambaye mu me za mu ci da takarda ba. "Sannu da zuwa Baba. Masara ko shinkafa? Kuka, taushe, ko busasshiyar kuɓewa?" Shi ke nan abin da ke akwai, sai farfesun kayan ciki da ƙafar sa a tukunyar ƙarshe. Da ta zuba miyar kukar, ta ɗauko wata 'yar kwalba ta tsiyaya man shanu, soyayye da albasa, ƙamshinsa ya riga kwanon isowa gabanmu. Miyar ta kama jikinta, in ka ɗebo da lomar tana biyo ta ba ta zuba, daddawa ta ji, yajin na zuwa daga baya a maƙogwaro. Kawu bai ce uffan ba har ya share kwanon da yatsa. Sannan ya ce, "Hajiya, a ƙaro rabi." Ta yi dariya ta ce, "Baba, ko dai ka san Inna?"

Daga ranar na daina auna tsufan gidan abinci da allo. Ga abin da nake dubawa, kuma yana aiki har a unguwar da ban sani ba. Na farko, su wa ke zaune a benci? In ka ga dattawa masu furfura da ake zuba musu ba tare da sun faɗi abin da suke so ba, ka zauna. Sai kuma yawan abin da ake dafawa: gidan da ke da tuwo da shawarma da soyayyar taliya da gasasshen kifi duk a takarda ɗaya, firiji ne ke masa girki. Tsohon gida abu uku ko huɗu ya iya, kuma yana ƙarewa. Wurin da za ka je ƙarfe uku da rabi a ce maka "sai gobe" ya fi wanda tuwonsa ke jiranka har dare. In za ka yi tambaya kuma, kar ka tambayi matashi mai waya a hannu, zai tura ka inda ake ɗaukar hoto. Tambayi direban tasha a Kawo, ko maƙerin Panteka, ko mai gadin wata tsohuwar ma'aikata.

Amma kar in yi wa gidan tuwo ado fiye da kima. Akwai zafi, akwai hayaƙi, wani lokaci ƙuda. Mata baƙi ba kowacce za ta saki jiki a bencin da maza suka cika ba, gara a je da kula a sayo a kai gida. Ba wurin hira ba ne, kana tsame hannu wani na tsaye da nasa a wanke. Mai laluren ciki ya dubi ruwan wanke hannu da na sha, ya riƙe nasa na gora. Kuma ka tafi da tsabar kuɗi, don ba kowacce Hajiya ke son jiran alat ba.

Da safe lissafin ya ɗan bambanta. Masu waina, wasu su ce masa, nan ma akwai waɗanda suka gaji tanda daga iyayensu. Wainar kirki gefenta ya yi ƙus-ƙus, cikinta ya yi laushi da 'yan ramuka, da ɗan tsamin kwanan ƙullu, a ci da miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli da yaji. In ta yi nauyi kamar dutse ko zaƙi ya yi mata yawa, an yi gaggawa an cika yis da sukari. Fate kuwa, tunda ƙasar Zazzau muke, kar baƙo ya tafi bai sha ba, na tsaki da yakuwa da rama da gyaɗa, ko na acca irin na mutanen kudancin jihar. Bakano zai yi maka tsiya a kai, amma ka lura, kwanonsa ne zai fara ƙarewa.

Dare na masu nama ne, kuma su ne tsofaffin da rusau bai cika kashewa ba, don tukuba ba ta da wuyar ɗauka. Bayan isha'i a Unguwar Sarki da Unguwar Rimi da Tudun Wada da Kawo, hayaƙi kaɗai zai nuna maka hanya. Zaɓin a nan tsakanin tsire da balangu ne. Tsire an yanka shi falle-falle, an soke a tsinke, an shafe da ƙuli da mai, an jera kewaye da wuta yana gasuwa a hankali. Daɗinsa na haɗin ƙulin ne, shi ya sa mai tsiren da ya iya haɗi zai iya ɓoye naman da bai kai ba. Balangu ba shi da mayafi. Tsoka ce da kitse a kan waya, gishiri da ɗan ruwan romo, in naman rago ne mai kyau za ka sani a yankan farko, in na jiya ne ma za ka sani. Saboda haka ni a wurin da ban saba ba balangu nake fara nema, shi ne jarrabawar mahauci. Kar ka ji kunyar karɓar ɗanɗano, haƙƙinka ne, kuma tsohon mai nama da kansa zai miƙo maka a bakin wuƙa tun ba ka tambaya ba. Ka sa a yanka a gabanka, a mayar kan wuta ya yi zafi, albasa da tumatir a gefe, yaji a ƙulle daban don kar ya jiƙe. Kilishi na tsaraba ne, ba na zaman ci ba. Ka ɗaga falle ɗaya ka duba: na kirki siriri ne har haske na ratsa shi, yana karyewa ba ya jan haƙori.

A rana ta uku Kawu ya ce sai mun haye gada. Wannan magana ce da ba a cika son yi ba, amma duk ɗan Kaduna ya san tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu, kuma akwai matasan da suka girma ba su taɓa cin abinci a ɗaya ɓangaren ba. A zamaninsu Kawu ba haka ba ne. Ya nuna mini ƙofar masaƙar da ya yi aiki, a rufe, ciyawa ta cinye harabar. Ya ce in an busa tashi daga aiki, mata masu abinci ne jere a nan tun daga bakin ƙofa, Bayarabiya da amala, Inyamura da sakwara da miyar agushi, Bajju da Katafawa da tuwon acca, Bahaushiya da ɗanwake, kowa na ci a kwanon kowa, a rubuta bashi sai ƙarshen wata. Da masaƙun suka durƙushe, ita Kaduna Textiles tun 2002, kasuwar ta watse.

Abin da kudu ta fi arewa a yau shi ne kifi da farfesu. A Barnawa da Narayi da Sabon Tasha za ka nuna tarwaɗarka tana iyo a baho, a kama a gasa maka ita da yaji da citta, cittar da ake nomawa a Kachia da ƙasar Jaba, a kawo da soyayyen dankali ko agada. Yana ɗaukar kusan awa guda, don haka wurin zama ne da abokai, ba na mai sauri ba. Da yawa wuraren shaƙatawa ne masu kiɗa da giya, wasu kuma na sayar da naman da Musulmi ba ya ci. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta wadatar, za a gaya maka gaskiya, sau da yawa ma a nuna maka inda ya dace da kai. Mai son amala da ewedu ba sai ya haye gada ba, tsofaffin layukan tsakiyar gari masu sunan Legas da Ibadan da Abeokuta, nan Yarabawan Kaduna suka daɗe da kafa tukwanensu.

In kwana ɗaya kawai gare ka, ga yadda zan raba maka shi: waina da safe kafin tara, tuwo tsakanin sha biyu da rabi da biyu, la'asar ka huta a wurin shaƙatawa na Gamji Gate ka ga gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru a 1954, bayan isha'i balangu. Otal da gidajen Kwarori ka bar su sai ran da baƙon ya fi abincin muhimmanci. Kifin kudu kuma sai daren da ba ka da sammako.

Ran tafiyarsa na shirya kai Kawu tashar Kawo da hantsi, ya ce a'a, sai bayan azahar. Na gane inda ya dosa. Muka koma layin baya, muka bi hayaƙi. Ya ci na masara da kuka, ya sa aka zuba masa miyar a wata 'yar kula da ya saya a bakin hanya, aka ɗaure murfin da leda. Matar ta ƙi karɓar kuɗin miyar, ta ce sadaka ce ga Inna. A mota ya ɗora kular a cinya, ya ƙi yarda a sa ta a but, yaron mota na ta mita yana cewa za ta zube wa fasinja.